Ranar Da Na Tayar Da Injin Ruwa A Tudu

Tsufa ya fara yi mini sata. Shekaranjiya na nemi tabarau har na zargi mai ɗakina, ashe yana bisa goshina. Amma akwai wata safiya guda a kan kogin Shari wadda tsufa bai isa ya ɗauke mini ita ba, ina jin da ita za a kai ni makwanci. Ita ce safiyar da injin jirgi ya ɗauki zafi a tsakiyar ruwa, muna ɗauke da ragon suna, kuma duk cikinmu ni kaɗai na san dalili.

Ni Bakatsine ne. Boko aji uku na yi, na ukun ma rabinsa a bisa iccen mangwaron bayan makaranta na yi shi. Na shigo Njamena da jakar sifanu da baki mai daɗi, na kafa rumfar gyaran babura a unguwar Chagoua, ba nisa da gada. A lokacin garin bai cika haka ba. Da la'asar sai iskar kogi ta shigo rumfa, mai shayi ya hura gawayi, 'yan kabu-kabu su jera babura su zauna ana ta ƙarya. Usta suke ce mini, wato gwanin sana'a a Larabcin garin, ni kuma na ɗauki sunan da gaske. Na sa aka rubuta mini allo da Faransanci wai ni likitan kowane irin inji ne. Ban iya karanta allon ba, amma kullum sai na goge shi.

Ina da aboki wanda mota ɗaya ta kawo mu ƙasar nan, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Dembé. Mutum ne mai sanyi, ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai ya ba shi lokaci ya huta. Ya auri ɗiyar wani masunci, suka yi shekara goma sha ɗaya ba haihuwa, sai ga shi Allah ya kawo. Da yake haihuwar fari ce, matar ta tafi gidan iyayenta, can wata tungar masunta da ke sama da gari a bakin Shari. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cinye hanyar mota, labarin haihuwar ma sai a kwana na huɗu wani fataken kifi ya kawo masa. Mace aka samu. Ya yi kwana biyu yana haɗa rago da goro da 'yan kayan jariri, ya rage saura abu ɗaya: ya isa tungar da sassafen ranar suna, kafin liman ya raɗa suna.

Abin da ya sa wannan ya fi ƙarfin wasa shi ne surukinsa. Tsohon bai taɓa ganin abokina da gashi a ka ba. Ɗan birni yake ce masa, mai cin kifin da bai kama ba. Ya ma aiko da saƙo ta bakin fataken cewa in ɗan birni ba zai iya kawo rago a kan lokaci ba, su ba su rasa akuya ba. Duk wanda ya san mu ya san abin da ake nufi a yanka wa ɗiyarka ta fari akuyar kakanta kana raye.

Sai abokina ya yi magana da wani tsohon mai jirgi, Bakabe, wanda ya yi shekaru yana hawa da sauka a Shari. Injinsa irin wanda ake maƙalawa a bayan kwale-kwale ne, kuma 'yan kwanakin yana wahalar tashi. Abokina da zuciya ɗaya ya ce a kawo mini. Suka turo shi a baro ana gobe suna. Tsohon ya dube ni, ya dubi allona, ya ce, “Bakatsine ne? To Allah shi kyauta.” Kun san tsakaninmu da Kabawa akwai wasa, na ce masa, “Baba, kawo kayanka wurin ubangidanka a duba maka.” Ya ce, “Buji kaɗai za ka canza. Ka ji ko? Buji. Kada ka taɓa mini komi.” Ya tafi neman mai.

Na ɗaure injin a jikin bencina, na canza buji, wato fulogi, na ƙara da wanke kafireto don in nuna na fi abin da aka tambaye ni. 'Yan kabu-kabu suka kewaye ni. Wani ya ce, “Usta, har na ruwa kana taɓawa?” Na ce inji ai inji ne, duk uwarsu ɗaya. Na haɗa masa tiyon mai, na ja igiya. Ya kama da ƙara kamar zai tsaga kwanon rumfa. Aka yi ta tafi. Ni kuwa tafi shi ne abin da ya fi cutar da ni a duniya. Na yi ta murɗa masa wuta ina sakewa, ina karkata kunne kamar mai sauraron wani sirri, har mai shayi ya dafa zagaye na farko ya zuba. Na ɗan ji ƙaurin roba, amma na ce maƙwabcina mai faci ne yake aikinsa.

Washegari muna sallame asuba muka sauka bakin ruwa. Na sha babbar riga da sabuwar hula wadda ko kwalin da ke cikinta ban cire ba, don ta tsaya ƙyam. Aka ɗaure rago a tsakiyar jirgi, abokina angon ƙarni ya zauna gaba rungume da ƙunshin kayan jariri. Tsoho ya ja igiya sau ɗaya, inji ya tashi. Na ce, “Baba, ka ji aikin Katsina?” Ya juya akalar jirgi. Da ma duhu bai gama washewa ba, shi kuma hankalinsa na kan fitar da mu daga cikin jiragen da ke ɗaure.

Har yau in na rufe ido ina ganin kogin nan. Ruwa ya cika ya batse, hazo kwance a kansa kamar auduga, masu jefa birgi tsaye a bakin kwale-kwalensu, can nesa dorina ta yi huci ta nutse. Gari ya rage baya, kiran zakaru na biyo mu ta kan ruwa. Na miƙe ƙafa ina jin kaina wani babban mutum.

Ba mu yi nisa can ba sai muryar injin ta canza. Ya fara ja da ƙyar, kamar mai hawan tudu da kaya. Wani wari ya taso, irin na fenti in ya ji wuta. Tsoho ya leƙa bayan injin, ya yi salati, ya kashe shi nan take. Ya ce, “Ba shi fitsari.” Na yi dariya na ce, “Baba, inji ne ko jinjiri?” Ya nuna mini wani ɗan rami a gefen injin, ya ce duk lokacin da inji ke aiki dole ruwa ya dinga tsartuwa daga nan, shi ne shaidar ruwan kogi na zagayawa cikinsa yana sanyaya shi. Ya ɗiga ruwa a kan injin, ruwan ya yi cuu ya ƙone.

Ni da na saba da babur, wanda iska ke sanyaya shi, sai na ce a buɗe masa murfi ya sha iska. Na cire hula na hau yi masa fifita. Da na ga bai isa ba, na ɗebo ruwa a kwano zan sheƙa masa. Tsoho ya riƙe mini hannu, ya ce, “Kai ɗan nema! In ka zuba sanyi bisa ƙarfe mai zafi ya tsage, da bakinka za ka tura mu?” Kafin nan ruwa ya fara maida mu inda muka fito. Muka kama filafili, ni da babbar riga, muka tuƙa da ƙyar zuwa gaɓa, aka ɗaure jirgi a jikin wani icce.

Tsohon nan ya san aikinsa, ko da yake a ranar ban faɗa masa ba. Daga mai sauƙi ya fara. Ya ɗaga ƙafar injin daga ruwa, ya duba 'yan ramukan da ruwa ke shiga, ko leda ko ciyawa ta toshe su. Babu komai. Ya ɗauko zaren fatsa mai kauri ya zura a ramin fitsarin, ya ce wani lokaci yashi ne, wani lokaci zanzaro ne ke gina ɗakinsa a ciki. Ya fito fes. Da injin ya huce ya tayar da shi na ɗan lokaci, ko ɗigo bai fito ba, ya kashe.

Sai ya zauna yana magana shi kaɗai. Ya ce a can cikin ƙafar injin akwai wata 'yar farfela ta roba, ita ke turo ruwa sama, amma ba ita ba ce, don da hannunsa ya sa sabuwa farkon damina. “Wannan sai ta shekara ba ta ce komi ba,” in ji shi, “sai fa in wani ya tada inji a tudu babu ruwa. Nan take takan ƙone. Amma wane mahaukaci ne zai yi haka?”

Jama'a, nan take na gano mahaukacin. Ƙaurin robar jiya ya dawo mini a hanci sabo fil. Mai faci bai yi laifin komai ba. Na buɗe baki, sai na tuna allona, na tuna tafin da aka yi mini, na tuna Bakabe ne zai ji wannan magana ya kai ta kowace tunga har tafkin Chadi. Sai na ce, “Gaskiya kam, Baba, sai mahaukaci.”

Tunda ya cire farfela daga zargi, sai ya koma saman injin. Ya ce akwai wani ɗan ƙarfe da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, wataƙila shi ya maƙale. Ƙusoshin wurin sun yi tsatsa, kowanne sai an yi masa lallashi. Ni kuma na zama ɗan miƙa sifana, ina miƙawa ina gyaɗa kai, har da ba da shawara. Rana ta fito. Ta hau kan itatuwa. Aka ciro ɗan ƙarfen, aka ga lafiyarsa lau. Tsoho ya share gumi ya ce to saura a buɗe kan injin gaba ɗaya a duba hanyoyin ruwa, amma akwai ƙusa ɗaya da yake tsoro, in ta karye a ciki, injin ya gama aiki sai an kai shi gari.

Duk wannan lokacin abokina na zaune can gaban jirgi. Na waiwaya na gan shi ya kwance ƙunshin nan, ya ɗauko wata 'yar hular saƙa da ba ta wuce tafin hannuna ba, yana juya ta. Ya dubi rana, ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, “Yanzu sun shimfiɗa tabarmi. Ni ko fuskarta ban gani ba.” Sannan ya juyo ya ce mini, “Usta, sannu, mun wahalar da kai, ka ɓata rigarka.”

Da zagina ya yi da na iya riƙe shiruna har azahar. Sannun nan ne ya karya ni. Tsoho ya ɗora sifana a kan ƙusar, ya ɗaga guduma. Na ce, “Baba, dakata.” Ya dakata. Na ce, “Mahaukacin nan da ka ce, in an same shi, me za a yi masa?” Ya sauke guduma, ya ƙura mini ido. Ya ce, “Har tsawon wane lokaci injin ya yi aiki a tudu?” Na ce, “Shayi ɗaya.” Ya ce, “Shan shi ko dafa shi?” Na ce, “Dafawa.”

Na zaci zai buga mini gudumar. Sai ya yi tagumi, ya ce, “Ƙonawar ba ta ba ni haushi ba, Bakatsine, jahilci ne, kowa na da nashi. Amma tun ɗazu kana zaune kana miƙo mini sifana?” Abokina kuwa sai ya naɗe 'yar hular ya maida ita ƙunshi, kuma wannan ya fi mini zafi.

Muka sauke injin a kan ciyawa, muka kwance ƙafarsa. Da aka buɗe gidan farfelar, sai ga ta kamar tsohuwar da haƙoranta suka zube, fukafukan duk sun narke sun gutsuttsure. Tsoho ya jawo wani gwangwanin madara da yake ajiye ƙugiyoyi, ya zazzage, sai ga tsohuwar farfelar da ya cire farkon damina. Ta lanƙwashe amma ba ta karye ba. Ya ce, “Bakabe ba shi yar da kaya. Da Bakatsine ne da ya yi wa ɗiyanshi abin wasa da ita.” Ranar ba ni da bakin wasa.

Saura guntayen robar da suka shige bututun ruwa, don in aka bar su za su sake toshe hanya. Nan dai na yi amfani. Ina da wayar birkin babur a jakata, na zura na yi ta sakata, sannan na kafa baki na zuƙa. Guntu uku suka fito, na huɗun ina jin har yau yana cikina. Sai kuma takardar da ke hana yoyo tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ta yage wajen buɗewa. Wannan kam aikina ne. Na yago kwalin sukarin da za a kai gidan suna, na ɗora a kan ƙarfen, na bi gefe-gefe ina ƙwanƙwasawa da kan sifana har ta fita daidai. Na ajiye ta a bakin jirgi don in shafa wa farfela mai. Ina juyowa na ga rago yana taunar ta, yana kallona ido cikin ido.

Nan tsoho ya fashe da dariya, har abokina sai da ya murmusa. Ragowar kwalin sukari ya jiƙe. Na duba hagu na duba dama, sai na tuna. Na cire sabuwar hulata, na zaro kwalin cikinta, na buga wata. Hular ta kwanta mini a ka kamar ɗanyen ƙosai. Aka ɗaure komai, aka maida inji ruwa, tsoho ya yi bisimilla ya ja igiya. Mu uku muka kafa wa ɗan ramin nan ido. Ya yi tari, ya tofar da laka, sai ga ruwa tsiriri yana tsartuwa. Wallahi ban taɓa murnar ganin fitsari irin ta ranar ba. Tsoho ya tara hannu ya ji ɗuminsa, ya ce a tafi, amma a hankali, tsohuwa ce ke aiki.

Mun isa tungar hantsi ya dubi ludayi. An riga an raɗa suna, an yi addu'a, rabin mutane sun watse. Akuya na ɗaure a jikin turke, ga mahauci yana wasa wuƙa. Surukin yana zaune a kan tabarma da 'yan dattawa. Abokina ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya amsa yana kallon wani wuri, ya ce, “Mutanen birni, an tashi lafiya? Barci ya yi daɗi?” Abokina ya sunkuyar da kai, na san ba zai taɓa ambata sunana ba ko za a yanka shi tare da akuyar.

Sai na matsa na durƙusa kusa da shi, riga duk baƙin mai, hula a kwance. Na ce, “Baba, surukinka tun asuba yake kan ruwa. Ni ne na makarar da shi.” Na faɗi komai, tun daga benci da tafi har zuwa shirun da na yi. Tsohon ya ce, “Tsaya. Injin ruwa ka tada a tudu?” Na ce e. Ya ce, “A cikin rumfa?” Na ce a cikin rumfa. Ya juya ya maimaita wa dattawa da Larabci don waɗanda ba su jin Hausa. Wani ya fara ƙyaƙyatawa, sai wuri ya ɗauka. Mai jirginmu kuwa ya samu abin da yake so, ya tashi tsaye yana kwaikwayon yadda na yi wa inji fifita da hula. Surukin ya yi dariya har da hawaye, ya share ido ya ce wa mahauci, “Kwance akuyar nan, uban ɗiya ya kawo ragonsa.” Sannan ya dubi abokina, karo na farko ido da ido, ya ce, “Tashi ka shiga ka ga ɗiyarka.”

Ragon da ya ci mini takarda, ni na riƙe masa ƙafa.

Da na koma Chagoua na sauke allon nan na juya shi, na yi teburin shayi da shi. Tsohon mai jirgi ya zama abokina, duk saukowarsa gari sai ya biyo rumfa ya tambaye ni ko akwai injin da ke son shan iska. Allah ya yi masa rasuwa tuntuni, surukin ma haka, Allah ya jiƙansu. Tungar ma ruwa ya canza hanya, mutanenta sun tashi. Jaririyar nan yanzu tana da nata 'ya'yan a unguwar Paris-Congo, in na je suna fitowa da gudu suna kiran Kaka mai injin tudu, ni kuma ina amsawa.

Na sha lissafa safiyar nan a raina. Gyaran farfela, har da ɓarnar rago, bai kai awa ɗaya ba. Shirun da na yi ina miƙa sifana ya fi haka. Da na yi magana tun da tsoho ya ambaci mahaukaci, da abokina yana zaune a kan tabarma aka raɗa wa ɗiyarsa suna, kuma wannan abu ne da ba ni da sifanar da za ta maida masa shi. Tun daga ranar, in aka kawo mini abin da ban sani ba, nakan ce ban sani ba, in kuma na yi ɓarna nakan faɗa tun tana da zafi. Dariyar da na ji tsoro an yi ta, har yau ana yi, kuma ga ni da raina. Abin da ban warke daga gare shi ba shi ne sannun da abokina ya yi mini a bakin ruwa.